Golf da 'Ya'yan Tsiraru a Amurka: Tambayoyin da Iyaye Suka Fi Yi

Iyaye baƙaƙen fata a Amurka, har da 'yan uwanmu na Ghana da Nijar da Nijeriya da suka yi kaka-gida a wurare irin su Bronx da Greensboro, sukan yi turus idan yaro ya dawo daga makaranta da takardar gayyatar shiga ajin golf. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawo a bakin irin waɗannan iyaye. Ra'ayina a fili yake tun daga farko: ribar wannan wasa ga ɗan talaka tana cikin karatu da sana'a da mutanen da zai sani, kofi da suna kuwa sai ɗaya cikin dubbai.

Wane irin wasa ne golf, me ake nema a cikinsa?

Ana buga wata 'yar ƙwallo mai tauri da sanda, daga inda aka tsayar har a jefa ta cikin rami. Cikakken fili yana da ramuka 18, kuma wanda ya zagaye su da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14 a jakarsa, kowace da aikinta: akwai ta nesa, akwai ta fitar da ƙwallo daga yashi, akwai ta gangara ta cikin rami. Zagaye ɗaya yakan ci kamar awa huɗu, wanda ya taka da ƙafa kuwa zai yi tafiyar kilomita 7 zuwa 10. Ba a gogayya da jiki, don haka siririn yaro da ƙato, mace da namiji, jika da kakansa, duk suna iya yin wasa tare.

Ai wasan attajirai ne da Turawa. Me ya kai ɗana can?

Wannan zargi yana da tushe, kuma bai kamata a rufe shi ba. Daga 1934 zuwa 1961 kundin ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Amurka, PGA, ya rubuta baro-baro cewa farar fata kaɗai ke iya zama memba. Kulob ɗin Augusta National a jihar Jojiya, inda ake gasar Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf huɗu na duniya, bai karɓi baƙar fata a matsayin memba ba sai 1990, mata kuwa sai 2012, lokacin da aka shigar da Condoleezza Rice da Darla Moore. Shekaru da dama abin da ake gani a Augusta shi ne Bature yana bugu, baƙin mutum yana ɗauke masa jaka.

Amma baƙar fata suna cikin wasan tun yana jariri a ƙasar. John Shippen ya buga gasar US Open ta 1896 yana matashi, duk da cewa wasu 'yan wasan sun yi barazanar janyewa saboda shi. Wani likitan haƙori na Boston, George Grant, ya yi rajistar ɗan turken katakon da ake ɗora ƙwallo a kai a 1899. Da aka hana su shiga, sai suka kafa nasu: kulob ɗin Shady Rest a New Jersey a 1921, da ƙungiyar United Golfers Association wadda ta riƙa shirya musu gasa tun daga shekarun 1920. Yaron da ya ɗauki sanda yau ba baƙo ba ne, gidan magabatansa ya shiga.

Ta fuskar kuɗi kuma, yawancin filayen golf na Amurka, kimanin kashi uku cikin huɗu, a buɗe suke ga kowa, wasunsu ma na ƙaramar hukuma ne. Filin gwamnati na farko a ƙasar yana Bronx, a Van Cortlandt Park, tun 1895. Duba amsar da ke magana a kan kuɗi a ƙasa.

Su wa suka ɓalle ƙofar?

Wasu a kotu suka yi yaƙinsu. A 1951 aka hana Alfred Holmes da mahaifinsa da ɗan uwansa wasa a filin Bobby Jones na birnin Atlanta, suka kai ƙara, har Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a 1955. A watan Disamba na wannan shekarar wasu mutum shida a Greensboro, ƙarƙashin jagorancin likitan haƙori George Simkins, suka ajiye kuɗinsu a kan kanta suka shiga filin Gillespie Park, aka kama su da laifin shiga gonar da ba tasu ba. Wanda yake zaune a Greensboro yau ya kai ɗansa wannan fili, ya kamata ya ba shi wannan labari.

A fagen ƙwararru kuwa sunan da ba a tsallakewa shi ne Charlie Sifford. An haife shi a Charlotte a 1922, ya fara da dakon jaka yana yaro. A gasar Phoenix ta 1952 ya isa ramin farko ya tarar an cika shi da najasa. Bai bari ba. Da babban lauyan jihar Kalifoniya, Stanley Mosk, ya matsa wa PGA lamba, aka soke dokar farar fata a 1961, lokacin Sifford yana da shekara 39, ƙuruciyarsa ta riga ta tafi a jira. Duk da haka ya ci gasar Hartford a 1967 da ta Los Angeles a 1969. Shugaba Obama ya ba shi lambar yabo mafi girma ta farar hula a 2014, ya rasu a shekarar da ta biyo baya. Lee Elder shi ne baƙar fata na farko da ya buga Masters, a 1975, kuma saboda barazanar kisa gida biyu ya kama haya a garin yana sauya wurin kwana.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Bill Powell. Ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, filayen jiharsa ta Ohio suka ƙi shi, banki ya hana shi rance. Sai ya samu tallafin wasu likitoci biyu baƙar fata da ɗan uwansa, ya sayi gonar shanu a East Canton a 1946, yana aikin gadi da dare, da rana yana cire duwatsu da hannunsa. A 1948 ya buɗe filin Clearview da ramuka tara, ya ce kowa ya zo, ko wane launi ne. A 1978 ya cika su 18. Filin yana nan har yau.

Ana ta ambaton First Tee. Mece ce ita?

Ƙungiya ce ta koyar da yara da aka kafa a 1997, shekarar da Tiger Woods ya ci Masters yana ɗan shekara 21 da ratar bugu 12. Manyan hukumomin wasan ne suka haɗa hannu suka kafa ta, ciki har da PGA Tour mai shirya gasannin ƙwararru maza da LPGA ta mata da USGA mai tsara dokokin wasan a Amurka da masu gasar Masters, tsohon shugaban ƙasa George H. W. Bush ya zama uban ƙungiya na farko. Tana da rassa kimanin 150, tana karɓar yara daga 'yan firamare har zuwa shekara 18, tana kuma shiga makarantu a darasin motsa jiki. A New York akwai cibiyarta a filin Mosholu da ke Bronx.

Ana ba yaro aron sanduna, kuɗin aji ba shi da yawa, kuma rassan suna da tsarin rangwame ga iyalin da ba su da hali. Ku tambaya, kada kunya ta hana ku, domin don irinku aka tanadi kuɗin. Manyan yaran da suka daɗe a ciki suna iya neman tallafin jami'a na ƙungiyar, wasu kuma ana zaɓarsu su je Pebble Beach a Kalifoniya su yi wasa kafaɗa da kafaɗa da tsofaffin ƙwararru. Cameron Champ, wanda ya ci gasa uku a PGA Tour, ta reshen Sacramento ya biyo, kakansa Mack ne ya fara ɗora masa sanda a hannu.

Ana cewa yana gyara hali. Ta yaya buga ƙwallo zai gyara halin yaro?

Ta hanyar yadda aka gina wasan. A golf ba alƙalin wasa da ke bin kowa da usur. Kai za ka ƙirga bugunka, abokin tafiyarka ya rubuta, ku sa hannu a ƙarshe. Idan ka motsa ƙwallonka a cikin ciyawa ba wanda ya gani, doka ta ce kai da kanka za ka faɗa, a ƙara maka bugu ɗaya a matsayin hukunci. A gasar US Open ta 1925 shahararren ɗan golf Bobby Jones ya yi haka, wannan bugu ɗaya ya sa aka yi kunnen doki, ya faɗi a wasan raba gardama. Yaro ɗan shekara goma da ya tsinci kansa a irin wannan hali, tsakaninsa da Allah, ya zaɓi faɗin gaskiya, ya koyi abin da wa'azin wata guda ba zai dasa masa ba.

Sai haƙuri. Ko gwanin gwanaye yakan yi mummunan bugu sau da yawa a zagaye ɗaya, kuma ba wanda zai ɗora wa laifi. Dole ya taka zuwa inda ƙwallon ta faɗa, ya haɗiye fushinsa, ya sake dubawa. Akwai kuma ladubban fili: ka yi shiru idan wani zai buga, ka share yashin da ka taka, ka gyara ciyawar da ka fasa saboda na bayanka, ka cire hula ka yi musafaha idan an gama. First Tee ta daɗe tana gina darasinta a kan ɗabi'u tara, irin su gaskiya da girmama mutane da juriya da ɗaukar nauyi, kuma ba ɗaya a cikinsu da zai zama baƙo ga wanda ya tashi a gidan da ake tarbiyya.

Kada dai a ɗauka sihiri ne. Darasin awa ɗaya a mako ba zai maye gurbin uwa da uba ba, kuma akwai manyan 'yan golf da halinsu a wajen fili ba abin koyi ba ne.

Nawa zan kashe?

A matakin farko, kaɗan. Shirin Youth on Course, wanda ya fara a arewacin Kalifoniya a 2006 ya bazu a ƙasar, yana ba yara 'yan shekara 6 zuwa 18 damar wasa a filayen da ke cikin shirin a kan dala 5 ko ƙasa da haka, bayan an biya kuɗin rajista na shekara. Gasar Drive, Chip and Putt kyauta ake shiga, kuma waɗanda suka kai ƙarshe a Augusta suke karawa. Sanduna na hannu sun wadatar, ba sai 14 ba, biyar ko shida sun isa mai koyo. Ƙwararren ɗan golf Harold Varner III ya tashi a Gastonia ta North Carolina ne da katin dala 100 da ke ba yaro damar wasa a filin ƙaramar hukuma duk tsawon hutun bazara. Tony Finau, wani ƙwararren, ɗan asalin tsibiran Tonga da Samoa da ya tashi a Salt Lake City, katifa mahaifinsa ya rataya a garejin gida shi da ƙaninsa suna dukan ƙwallo a jikinta.

Inda kuɗi yake cizo shi ne idan yaro ya yi fice ya fara bin gasannin matasa na ƙasa: kuɗin shiga, jirgi, otal, koci na musamman. Wannan yakan kai dubban daloli a shekara, kuma a nan ne yawancin 'ya'yan talakawa masu baiwa suke tsayawa. Saboda wannan giɓin ne ɗan ƙwallon kwando Stephen Curry ya ƙirƙiro gasar Underrated Golf a 2022, inda ake ɗauke wa yaran da aka zaɓa nauyin tafiya da masauki.

An ce ya je ya riƙa ɗaukar wa masu kuɗi jaka. Wannan ba wulaƙanci ba ne?

Na fahimci wannan tambaya sosai, musamman idan aka tuna hoton Augusta da na ambata a sama. Uba ya tsallako teku yana tuƙa tasi dare da rana don ɗansa ya wuce shi, sai a ce ɗan ya koma dako? Amma ku dubi abin da aikin ya ƙunsa. Mai dakon jaka yana auna nisa, yana karanta gangaren ciyawa, yana ba da shawarar sandar da za a ɗauka. Yana tashi da asuba, yana samun kuɗinsa a hannu, a manyan kulob zagaye ɗaya yakan kawo masa abin da ya fi na yini guda a kantin sayar da abinci. Kuma yana shafe awa huɗu yana tafiya da likita ko lauya ko mai kamfani, yana koyon yadda ake kallon babba a ido a yi magana a natse. Wace hanya ce kuma ɗan shekara 15 daga gidan haya zai samu irin wannan zama?

Kusan duk baƙaƙen fatan da suka yi suna a da ta nan suka shigo: Sifford, Elder, Ted Rhodes, Pete Brown, baƙar fata na farko da ya ci gasar PGA, a 1964. Haka Lee Trevino, ɗan asalin Meziko da ya tashi cikin talauci a Dallas ya ci manyan kofuna shida. Da ƙananan motocin fili suka yawaita, kulob da yawa suka sallami masu dako, sai wannan hanya ta toshe, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa baƙaƙen ƙwararru suka ragu. Babban dalilin da ya sa nake ƙarfafa wannan aiki yana cikin amsa ta gaba.

Mene ne tallafin karatu na Evans, kuma wa ke samu?

Idan abu ɗaya za ku riƙe daga wannan shafi, to wannan ne. Chick Evans mai dakon jaka ne a Shikago wanda ya ci US Open da gasar Amurka ta 'yan wasan da ba sa karɓar kuɗi a shekara ɗaya, 1916. Ya ƙi zama ƙwararre mai karɓar kuɗi, abin da ya shigo masa ta dalilin wasan ya sa aka ajiye don karatun yara masu dako. Ƙungiyar Western Golf Association ta karɓi amanar, a 1930 aka tura yara biyu na farko Jami'ar Northwestern. Yau ɗalibai sama da 1,000 ne ke karatu a ƙarƙashinsa a lokaci guda, waɗanda suka gama sun haura 12,000. Yana biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya da masauki har shekara huɗu, a ƙasar da bashin jami'a yake bin mutum har ya yi furfura.

Abu huɗu ake dubawa: tarihin dako mai kyau na aƙalla shekara biyu, sakamakon makaranta mai ƙarfi, buƙatar iyali, da halin kirki. Ku lura, iya buga golf ba ya cikin sharuɗɗan. Yarinyar da ba ta taɓa jefa ƙwallo a rami ba tana iya samu, muddin ta yi dako da gaske kuma makinta ya yi kyau. Ana nema a farkon shekarar ƙarshe ta sakandare, da wasiƙun shaida daga kulob da makaranta, sannan a kira yaro ya tsaya gaban jama'a ya amsa tambayoyi. Ma'ana dole a fara dakon tun a shekarar farko ko ta biyu ta sakandare. Wanda ya farga a aji na ƙarshe ya makara.

Akwai ire-irensa a wasu yankuna, kamar asusun Francis Ouimet a Massachusetts da aka kafa a 1949, sai dai yawancinsu wani kaso suke biya.

Unguwarmu ba kulob ɗin da ke ɗaukar masu dako. Shi ke nan mun rasa?

A'a. Saboda irin wannan ne masu tallafin Evans suka buɗe Caddie Academy a 2012, suka fara da 'yan mata a yankin Shikago, daga baya aka ƙara maza da wasu garuruwa. Ana ɗaukar ɗalibai masu ƙoƙari daga iyalai marasa ƙarfi, a ba su masauki a hutun bazara, su yi dako da rana, a taimaka musu da shirin jarrabawa, su maimaita shekara uku sannan su nemi tallafin. Tun daga shekarar farko ta sakandare ake nema.

Ɗana yana da baiwa. Zai iya zama Tiger Woods na gaba?

Allah ne masani, amma lissafi bai goyi bayan a jingina rayuwar yaro a kan wannan ba. Tiger ya ci manyan kofuna 15 da gasa 82 a PGA Tour, kuma a 1997 mutane da yawa sun zaci ambaliyar baƙaƙen ƙwararru za ta biyo bayansa. Ba ta zo ba. Lokacin da Joseph Bramlett ya ci jarrabawar shiga PGA Tour a 2010, shi ne baƙar fata na farko da ya shiga ta wannan hanya tun 1985. A shekaru da dama ana iya ƙirga baƙaƙen fatan da ke wannan mataki da yatsun hannu ɗaya. Dalilin shi ne wanda na faɗa a amsar kuɗi: tsakanin baiwa da katin ƙwararru akwai shekaru na kashe kuɗi ba shigowa.

Akwai masu ƙoƙarin cike ramin. Gasar APGA da aka fara a 2010 tana ba ƙwararru tsiraru fagen gogewa, gasar Genesis a Los Angeles kuma tana ware gurbi ɗaya kowace shekara da sunan Charlie Sifford. Idan yaronku ya kai nan, madalla. Amma ku lura cewa cibiyar da Tiger da kansa ya buɗe a Anaheim a 2006 kimiyya da fasaha da shirin jami'a ta fi koyarwa.

To buga wa jami'a fa, ana samun karatu kyauta ta nan?

Ana samu, sai dai ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Tawagar golf ta jami'a ƙarama ce, ba ta cika kai mutum goma sha biyu ba, kuma koci yakan rarraba kuɗin da ke hannunsa, wannan ya samu rabi, wancan rubu'i. Ga gasa daga matasan Turai da Asiya da ke neman guraben. Yaro mai matsakaicin wasa da maki mai kyau ya fi samun sauƙi a ƙananan jami'o'i, inda za a haɗa masa tallafin wasa da na ƙoƙarin karatu.

Kada ku manta da jami'o'in da aka kafa tun asali don baƙar fata. A 2019 Stephen Curry ya ɗauki nauyin farfaɗo da tawagar maza da mata ta Jami'ar Howard a Washington na tsawon shekara shida. A 2020 kulob ɗin Augusta ya sanar da tallafin karatu da sunan Lee Elder a Kwalejin Paine da ke garin, tare da kafa mata tawagar mata.

'Yata ce ke so. Akwai wuri ga mata?

Akwai, kuma wani lokaci ya fi na maza faɗi, domin dokar Title IX ta 1972 ta tilasta wa makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya su daidaita damar wasanni tsakanin maza da mata. Shirin LPGA-USGA Girls Golf, wanda ya faro a Phoenix a 1989, ajin mata zalla yake yi, abin da zai kwantar wa iyaye da yawa hankali. Tana da waɗanda za ta kalla: Althea Gibson, zakarar tanis da ta zama baƙar mace ta farko a LPGA, Renee Powell 'yar Bill Powell mai filin Clearview da ta bi bayanta a 1967, Nancy Lopez 'yar asalin Meziko mai gasa 48, da Mariah Stackhouse da ta yi karatu a Stanford.

Mu Musulmi ne. Ina batun caca da giya da sallah da sutura?

Tambaya ce mai kyau, kuma gara a amsa ta kai tsaye. Manya da yawa suna sa kuɗi a kan wasansu, kuma kusan kowane kulob yana da mashaya. Azuzuwan yara ba ruwansu da waɗannan, amma mai dako zai gani da idonsa, wataƙila ma a ce ya miƙo kwalba daga jaka. Ku zauna da shi tun kafin ya fara, ya san abin da zai ce cikin ladabi, ku kuma gana da shugaban masu dako na kulob ɗin ku faɗa masa iyakarku.

Sutura ba matsala ba ce sosai: dogon wando da riga mai dogon hannu kaya ne da aka saba gani a fili, dokokin wasan kuma ba su hana rufe kai ba, sai dai kowane kulob yana da nasa tsarin tufafi, a tambaya tukuna. Zagayen safe yakan ƙare kafin lokacin azahar ya fita. A watan azumi, idan ya faɗo cikin zafi, a rage ko a koma atisayen yamma.

In bai zama ɗan wasa ba, wane aiki ke cikin golf?

Amurka tana da filaye kimanin 16,000, kowanne yana buƙatar mai kula da ciyawa da ban ruwa, manaja, koci, akanta, makaniki. Kula da ciyawa ilimi ne da ake karanta shi a jami'o'i irin su Penn State da Rutgers, kuma shugaban wannan sashe a babban kulob albashinsa ba na wasa ba ne. Jami'ar Maryland Eastern Shore, wadda ta baƙar fata ce tun asali, tana da digirin sarrafa harkar golf da PGA ta amince da shi. Ban da waɗannan, a ofisoshin Amurka ana ƙulla ciniki da abota a fili. Matashin injiniya ko akantan da zai iya amsa gayyatar maigidansa ba tare da fargaba ba ya shiga ɗakin da ake barin takwarorinsa a waje.

Gaskiya ne golf ya taɓa gyara unguwa sukutum?

Misalin da ake kawowa shi ne East Lake a Atlanta. Rukunin gidajen gwamnati ne mai gida 650 da laifi ya yi wa katutu, a gefen wani tsohon kulob da ya lalace. A 1995 attajiri Tom Cousins ya kafa gidauniya, aka gyara kulob ɗin, aka rushe gidajen aka gina 542 na masu samu daban-daban, aka buɗe makarantar Drew a 2000. Yanzu a nan ake gasar rufe kakar PGA Tour kowace shekara, wani kaso na kuɗin yana komawa unguwar. A 2019 tawagar maza ta Drew, dukkansu baƙar fata, ta ci kofin golf na jihar Jojiya a rukuninta.

Abin a yaba ne, amma makaranta da gidaje ne suka yi aikin, golf ya kawo kuɗi da idon duniya. Kuma da yawa daga cikin mazauna na asali ba su samu dawowa ba. Duk wanda zai ba da labarin East Lake ya haɗa da su.

Har yanzu yaro zai gamu da wariya a fili?

Yana iya gamuwa. Yanzu ba a rubuta ta a allo, ta koma kallo, ko a tambaye shi ko ma'aikaci ne alhali da jakarsa ya zo wasa, ko ya duba ya ga shi kaɗai ne mai launinsa a gasa. Kaɗaicin nan ya fi zagi korar yara. Maganin da na fi yarda da shi shi ne kada ya tafi shi kaɗai: ku haɗa yara biyu ko uku daga unguwa ko masallaci ɗaya, ku nemi reshen da ke da koci baƙar fata, ku kai shi filaye masu tarihi irin Langston a Washington da aka buɗe a 1939. Idan abu ya faru ku kai ƙara ga shugabannin shirin a rubuce. Ku ba shi labarin mutanen da ke amsar “Su wa suka ɓalle ƙofar?” tun kafin ranar ta zo.

Ɗana ya kai shekara 14. Ya makara? Daga ina za mu fara?

Bai makara ba. Calvin Peete yana talla ne a sansanonin ma'aikatan gona, bai taɓa sanda ba sai da ya wuce shekara 20, ga hannun hagu da ya karye tun yana yaro bai miƙe ba, amma ya ci gasa 12 a PGA Tour, ya yi shekara goma a jere ba wanda ya kai shi saita bugun farko. Ga mai neman tallafin Evans kuwa, 14 ita ce daidai shekarar farawa.

Ku shiga shafin First Tee a intanet ku sa lambar unguwarku don ganin reshe mafi kusa, ku yi masa rajistar Youth on Course. Kafin bazara, tun watan Fabrairu ko Maris, ku kira kulob ɗin da ke kusa ku tambayi ranar horar da sababbin masu dako, domin gurabe kan cika da wuri. Ku tanadi littafi yana rubuta kowane zagayen da ya yi da ranarsa, za a buƙaci adadin lokacin neman tallafi. Ku kuma sanar da mai ba ɗalibai shawara a makarantarsa tun yanzu, don ya sa ido a kan makinsa ya kuma shirya rubuta masa wasiƙar shaida idan lokaci ya yi.